Ramar da Na Rufe da Leda

Ni ne na fara noma rama a saman benenmu na Bur Dubai, cikin akwatunan katako. A riƙe wannan kafin a ji saura.

Da zafi ya matso, na ga bidiyon wani Bature yana rufe shukarsa da leda don ta daɗe tana yi. Ban tambayi abin da yake gudu ba. Ashe sanyi ne. Na lanƙwasa fayif, na ja leda, na danne gefuna da bulo. Baba Issah, mai gadinmu ɗan Ghana, ya ce, "Injiniya, ba za ta sha iska ba?"

Na ce, "Baba, wannan ilimi ne."

Bayan Juma'a na gayyato maƙwabta su ga aiki. Ina ɗaga ledar tururi ya bugi fuskata. Ramar ta kwanta luguf, har da ƙamshi.

Baba Issah ya sunsuna, ya ce, "Khalas, shi ke nan, ta dahu. A kawo ƙuli-ƙuli."

Har yau ko daga cikin abra, kwale-kwalen fito na nan Dubai, maƙwabta suka hango ni, sai "Mai kwaɗo!" Ina amsawa kuwa. Wa a cikinsu ya taɓa dafa rama ba gas?