Waldar Ranka-ya-daɗe Mai Almakashi

Jama'a, ku taya ni jaje. Ranar Talatar nan da ta wuce, wuni guda na yi a layin gidan mai a Mafara rungume da jarka, ni da ko babur ban mallaka ba. Da layi ya kawo kaina daf da la'asar, mai ba da man ya dube ni sama da ƙasa ya ce ba su zuba wa jarka, wai doka ce daga sama. Sai da na rantse masa cewa albasa zan ceta, sannan ya tsiyaya min rabi.

Ga yadda abin ya samo asali. A fadamar da muke noman rani wajen Dakko akwai wata ƙofar ƙarfe a bakin magudana, ita ke raba mana ruwa. Bara ta ruɓe. Muka yi ta kai kuka har Allah ya sa wani babban mutum ya ji tausayinmu. Ba zan faɗi sunansa ba, ina da iyali. Mu dai Ranka-ya-daɗe Mai Almakashi muke ce masa, don ba a taɓa ganinsa ba sai ranar yanka ƙyalle. Ya turo ɗan kwangila, aka gyara ƙofa, aka shafa mata fenti kore shar, aka zo da motoci goma sha ɗaya aka buɗe ta da tafi.

Sati uku ƙofar ta yi ta ɓalle. Ruwa ya kwarara gonar maƙwabciyata Lantana, wadda ke riƙe da marayu huɗu da kuɗin tumatirin da take nomawa, ya kwanta a kai. Tawa albasar kuma, da ke can ƙarshen layi, ko ɗigo bai kai mata ba, ganyenta ya fara sunkuyar da kai.

Na je na ɗauko Maiwada mai walda, mutumin Maradun da ya shekara ashirin yana sana'ar a bakin tasha. Muka gaisa, ya tambayi gida da aiki da gajiya, muka nufi fadama. Ya durƙusa gaban ƙofar, ya zaro makullin shagonsa ya ƙanƙari wurin haɗin. Sai ga abu yana zubowa kamar garin rogo.

"Malam, wa yai maku wanga aiki?" in ji shi.

Na ce, "Ƙwararru ne daga birni."

"To wagga ba walda ba ce. Fila ce anka shafa, irin wadda masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da ita, anka bi da fenti."

Na ce ko wata sabuwar fasaha ce da ba ta iso Maradun ba. Ya yi murmushi ya zauna a kan gaɓa ya karanta min. Akwai waldar wuta ta sanda, irin tasa, ita ake yi wa ƙofofi da garma da ƙarfe mai kauri, ko a fili cikin iska tana kamawa. Akwai ta gas, mai harshen wuta shuɗi, ta kwano marar kauri da salansar mota, da ita kuma ake yanka ƙarfe. A manyan masana'antu akwai wadda inji ke turo waya da kansa, mutum yana bi kawai, saboda sauri. Sai ta iskar gas da ake kira agon, mai tsabta, ta alminiyam da tankunan madara, wadda haɗinta ke fita kamar ɗinkin tela.

"Duk cikinsu," in ji shi, "sai ƙarfe ya narke ya haɗu da ɗan'uwansa. Nan wuta ba ta taɓa wurin ba."

Washegari ni da Lantana muka tafi gaida Ranka-ya-daɗe. Allah ya ƙara masa lafiya, mutum ne mai son talakawa, bai bar mu a benci ba sai awa huɗu. Ya saurare mu, ya ce mu kwantar da hankali, an sayo injin walda na agon daga ƙasar waje musamman dominmu. Har ya sa aka buɗe mana sito muka gani: yana nan cikin ledarsa, kaza ta yi ƙwai a kansa. Abin da ya rage kawai a samo wuta, da tukunyar gas, da wanda ya iya aiki da shi. An kafa kwamiti.

Lantana ta ce, "Ranka ya daɗe, tumatir bai san kwamiti ba. A bari mu kai mai walda da kanmu."

Ya ce a'a, ƙofa kayan hukuma ce, wanda ya taɓa ta ya taɓa doka.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dalilin tsayuwata a layin mai ke nan. Da rabin jarkar nan muka tada janaretan Maiwada washegari da hantsi, Audu mai amalanke ya kai mana shi fadama. Maiwada ya kankare filar tas, ya goge tsatsa, ya bi haɗin da sanda sau biyu. Kafin azahar ruwa ya koma hanyarsa. Albasata ta farfaɗo. Lantana kuwa rabin tumatirinta ya riga ya ruɓe, ta tsince abin da ya saura.

Muna jiran sammaci, sai ga saƙo: Ranka-ya-daɗe zai zo ranar Asabar ya ƙaddamar da kashi na biyu na gyaran ƙofa, wanda ya kammala cikin nasara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. An ma ba Maiwada aikin haɗa allon ƙarfe mai ɗauke da sunansa, an turo mutum biyu su tsaya a kansa, kada ya yi ha'inci.

Na leƙa shagon jiya na ga allon. Ƙarfe ne mai kauri, walda ciki da waje, ko ambaliya ba ta kayar da shi. Ashe sun san aiki mai kyau, sun kuma san inda ya dace a yi shi.