Rasuwar Gladys a Dutsen Gravelly

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Wendell Skaar na garin Ennis yake sanar da 'yan'uwa maharba rasuwar a-kori-kurarsa, Gladys, wadda ta cika ranar Talata a dajin gwamnati, can inda hanya ta ƙare.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa ƙin hawa dutse ba, ba ta taɓa tona asirin harbin da ya kuskure ba.

Ta jima tana tari da safe. Marlys, uwargidan Wendell, ta ce, "Tsoho, wata rana gyatumar nan za ta zubar da kai inda babu mai jin ihunka." Ya ce kishi ne.

Ranar da abin ya faru, shi da amininsa Hoyt sun kayar da ƙaton namijin barewa mai ƙaho kamar rassan itace. Suna cikin loda nama sai tsuntsaye suka yi tsit. Hoyt ya nuna wani sawu a dusar ƙanƙara, ya fi hularsa faɗi.

Ya ce, "Beyar ne, ƙaton naman dajin nan mai kashe mutane. Tada ta, mutumina."

Wendell ya murɗa makulli. Gladys ta ce kirrr, kirrr, ƙas. Maganarta ta ƙarshe ke nan.

Suka kulle kansu ciki, bindigogi na baya tare da nama. Beyar ya fito daga itatuwa ba gaggawa, ya jingina da ƙofar Wendell har numfashinsa ya rufe gilashi. Ƙarfe ya lotsa, amma ƙofa ba ta buɗe ba. Ko a mace, Gladys ta riƙe amana. Da beyar ya ja cinyar barewa guda ya shige daji, suka gangaro da ƙafa, suna waiwaye.

Ta bar Wendell, da Marlys, da tayoyi biyu a gareji, da karen da har yanzu yake kwana a gurbinta.

Za a hau ɗauko gawa ranar Asabar da hantsi, kafin ƙanƙara ta toshe hanya. Kowa ya zo da feshin barkono na korar beyar, kada a riƙo abinci, kada a ware daga ayari. Hoyt ya riga ya koma jiya don ɗauko bindigarsa, har yanzu bai dawo ba. Duk wanda ya ji daga gare shi, don Allah ya kira Marlys.