Kambun Yara a Cikin Abayata

Ba zan taɓa mantawa da walimar gidan maƙwabciyata Hajja Rabi ba, ko da zan so in manta matan unguwarmu ta Sharafiyya ba za su bar ni ba.

Jikana Usama da jikanta Faisal ne suka haɗa ƙungiyar kiɗa da abokansu, irin mai jita da ƙara kamar ana rushe gini. Roka suke ce masa. Waƙarsu ta farko tana fita ta kama gari, har a tasi da shagon shayi ita ake sakawa, aka ce ta hau saman duk waƙoƙin da ake ji a waya. Daga baya aka ba su kambu.

To Faisal ne mai rerawa, shi ne a gaba. Nawa mai ganga ne, can baya, a bidiyon ma gwiwar hannunsa kawai na gane. Sai mata suka yi ta tururuwa gidan Rabi yin barka, ni ko sallama. Ni da tun rasuwar maigidana Malam ƙofata ta yi shiru, in zauna ina jin guɗa ta bango, in yi kuka in share. (Allah Ya jiƙan Malam, da yana nan da ya ce in kama girmana.)

Ranar walima na tarar da kambun a kan kabad ɗinta, ɗan jita na ƙarfe mai ruwan zinariya, har turare take masa. Na ce a raina, yara huɗu suka yi wahala, gida ɗaya zai ci suna? Da aka shiga rabon shinkafa na zura shi cikin abaya, na matse da hammata. Niyyata ya kwana gefen hoton Malam, mutane su zo nawa gidan su gani.

Ina neman takalmi aka kira magariba. Rabi ta riƙo hannuna, wai yalla, mu je Hajja Ladi, babu mai fita sai an yi salla. Tsohuwa kamata wane uzuri zan kawo? Ta tsayar da ni sahun gaba, kusa da ita.

Tsayuwa lafiya lau. Ina yin ruku'u abin ya sulluɓe, ya daki tayil, wuyansa ya ɓalle ya gangara gaban mai jan salla. Haka muka ƙarasa, kafaɗun mata na rawa.

Ana sallamewa Rabi ta juyo a hankali ta ce, "Barka da sauka, Hajja. Mace ce ko namiji?"

Na so ƙasa ta tsage. Ta tsinci ɓallallen wuyan ta damƙa mini, ta ce halas, shi ke nan, ga kason mai ganga.

Yana nan a ɗakina. Mata kuwa sun zo, gida ya cika, sai dai ba barka ta kawo su ba. Abin da na koya da tsufana: in hassada ta aike ka, fara tambayar ƙarfe nawa ake kiran salla.