Askin Da Bindigar Toka Ta Yi Mini

Ko sunana zan manta, ba na jin zan manta da ranar da na yi wa Baba Sarkin Baka ƙarya a kan hannuna.

Ni bahago ne. Yanzu ina faɗa ba tare da jin komai ba, amma shekara talatin na yi ina ɓoyewa. Tun ina ƙarami Inna ta sa muciya ta koya mini cin tuwo da dama, malamin allo kuma ya ƙarasa aikin da bulala. Har na zama malamin firamare a Yelwa da dama nake gaisawa, da ita nake rubutu a allo (rubutun da sai yara sun haɗa kai kafin su karanta). Sai dai in abu ya zo ba shiri, hagun ce ke riga ni miƙewa.

To akwai Hauwa, wadda nake nema da aure. Mahaifinta, Baba Sarkin Baka, shi ne shugaban maharba a wani ƙauyen bakin ruwa ta wajen Ngaski. Wata takwas magabatana na zarya, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya iso kunnena kawai shi ne wai ya ce hannuna bai san komai ba sai alli. Maganar ta ci mini rai ƙwarai.

Ranar ɗaurin auren yayan Hauwa na je cikin farar shadda, gemu ya sha mai da taza. Ana shafa fatiha maharba suka jeru a fili suna sakin bindigogin toka sama, albarushi zalla ba harsashi. Mata na guɗa ta bayan darni, kuma na san Hauwa na cikin masu leƙe. Nan basirata, wadda ba ta taɓa tashi sai za ta kai ni ta baro ni, ta ce ga dama ta samu.

Na durƙusa gaban mahaifinta na ce, "Baba, ni ma a ba ni in taya murna."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Malam, ka taɓa harbi?"

"Haba Baba, sau nawa." (Ƙadangaru, da danƙo.)

"Kai ba bahago na ba? Na ga kamar da hagu kac cahe hulakka da iska tat taso."

"Ni? Ko kusa, Baba."

Ya ajiye bindigarsa, ya karɓi ta ɗansa, ya ɗura mata albarushi ta baki, ya danna tsumma, ya miƙo mini.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Kunamar irin wannan bindiga da ɗan ramin da wuta ke kamawa duk a gefen dama suke. Mai harbi da dama fuskarsa na ɗaya gefen, tartsatsi ya yi nasa wuri. Bahago kuwa kai kuncinsa yake yi daidai ƙofar wutar, kamar mai hura murhu.

Niyyata in ɗora ta a kafaɗar dama. Amma ga idon jama'a, ga kalangu, jikina ya yi abin da ya iya tun asali. Na ɗora a hagu, na manna kunci da kyau don Hauwa ta ga ƙwarewa, na ja.

Ƙarar ban ji ta sosai ba. Ƙaurin na ji. Da hayaƙi ya washe sai ga ni zaune a ƙasa, rabin gemuna na hagu ya tafi, gira ta bi shi, hannun shaddar ya yi huda-huda. Guɗa ta tsaya. Wata tsohuwa ta bayan darni ta tambaya da zuciya ɗaya, "Wa ad da babbaka tun ba a yi yanka ba?"

Baba ya ja ni zaure, ya buɗe idona ya duba, ya yi hamdala, ya shafa mini zuma. Sannan ya ɗauko bindigarsa ya ɗora mini a cinya. Kunamarta a hagu take.

"Ni ma bahago na," in ji shi. "Shekara arba'in maƙeri na juya min kunama, kowa garin ga ya sani. Da ka hwaɗi gaskiya da ita zan ba ka."

Na rasa inda zan sa rabin fuskar da ta rage.

"Ƙuna ba komi ta ba, tana warkewa. Amma wanda yaɓ ɓoye hannu nai, ban san mi za ya ɓoye ma ɗiyata ba. Tahi gida. Ran da gemun ga yad daidaita, ka dawo mu yi magana."

Wata huɗu na yi ina duba madubi safe da yamma, ina jin tsoron kada wani mai cikakken gemu ya riga ni. Allah ya rufa asiri aka ba ni Hauwa, girar ce dai har yau ba ta gama yafe mini ba.

Darasin ya zo da tsada, amma ga shi kyauta. In mai bindiga ya tambaye ka da wane hannu kake aiki, ba tarbiyyar gidanku yake bincike ba, fuskarka yake tausaya wa.