Mutumin da Ya Ce a Zuba Masa Fassara Duka

Wani ne na'urar kallon faifai ta gidansa ta mutu murus. Matarsa kuwa tana da wani tsohon fim na ƙasar waje da take ji da shi kamar ranta, faifai ɗaya tal, ba a ƙara samunsa a kasuwa. Sai gogan naka ya bugi ƙirji ya ce zai kai a juye mata shi a filas.

Mai shagon kwamfuta ya saka faifan, ya ce, "Malam, fassarar da ke fitowa a ƙasan hoto kala goma ce a nan. Wane yare za a sa?"

"Kuɗin duk ɗaya ne?"

"Ɗaya ne."

"To zuba duka! Ni zan bar banza?"

"A ajiye su daban ka riƙa zaɓa da rimot, ko a manna su a jikin hoton? In an manna fa ba sa fita."

"Manna su da kyau, kar wata ta faɗi a hanya."

A hanyar gida ya ce ai faifai ya gama aiki. Ya huda shi da ƙusa, ya ɗaure a bayan kekensa don ya riƙa walƙiya.

Aka kunna talabijin, uwargida ta gyara zama. Wayyo! Jarumi yana buɗe baki sai rubutu ya taso tun daga ƙasa har sama, layi kan layi, wani na tafiya dama, wani hagu. Ba a ganin komai sai gashin kansa.

"Maigida, ina fuskarsa?"

"Tana ciki, ki bari ya yi shiru."

Jarumin nan kuwa sarkin surutu ne, ko numfashi ba ya tsayawa yi.

Maigida ya koma shago a guje. "Cire min tara!"

"Ba sa ciruwa. Kawo faifan mu sake."

Ya waiga ya dubi keke, ya ga faifai yana ta lilo da ƙaton rami, sai ya juya gida.

Ya tarar da ita ta haɗa tagumi. Ya ce, "Haba, ki daina damuwa. Fuskar nan sau nawa kika gan ta? Ai ta ishe ki haka."

Ta ɗago ta ƙare masa kallo, ta ce, "Gaskiyarka. Taka ma kullum ina ganinta. Koma wurin mai shagon ya manna maka goma."