Falalu da Balangun Juma'a

Jiya ana saukowa daga masallaci na shiga layin mai a hanyar Trans-Amadi, ni da tsohuwar Basfata, har la'asar sakaliya. A Fatakwal fa, garin da man yake fitowa. Allah ya ja zamanin Masu Girma da ke gadin tankunanmu, wallahi sun iya ɓoyo. Saura mota biyu a zo kaina, mai zuba man ya rataye tiyo ya ce ya ƙare. Na juyo ina tura Basfa ke nan sai ga maƙwabcina Falalu Indabawa rungume da ƙunshin nama, fuska kamar an aiko masa da rasuwa.

Tun da muka dawo garin nan bayan yaƙi Falalu yake aiki a wani kamfanin safiyo mai auna wa masu haƙar mai ƙasa. Shi ake turawa fadama cikin kwalekwale, sauro ya ci rabonsa, ya dawo da taswirar da ko Baturen kamfanin ba ya samun abin gyarawa. Amma duk shekara in an zo ƙarin girma sai a tsallake shi. Wanda ya samu bara, gwaninta ɗaya na san shi da ita: yana fashewa da dariya tun Babban Oga, Mai Kujerar Juyi, bai ƙarasa barkwancinsa ba.

Bana kuwa kujerar da ta fito ba ta wasa ba ce, babban safiyo a ofishin Legas, ga gida ga Fijo. Matarsa Lailatu ta gaji da ɗaki ɗaya mai yoyo da 'ya'ya huɗu, har ta fara ɗaure kwanukanta.

Ƙanin mahaifinsa, Bappa Muntaka, mahauci ne a mayanka. Shi ya kira shi gefe.

"Kai Falalu, ka taɓa zuwa gaida mutumin nan da abu a hannu?"

"Bappa, ai yana ganin aikina."

"Yana gani a ina? Aikinka yana fadama, shi kuma cikinsa yana ofis."

Daga nan duk Juma'a Bappa ya zaɓi cinyar rago mai taushi, a gasa balangu, a barbaɗe shi da yaji da albasa, Falalu ya kai. Oga ya ɗanɗana ya lumshe ido. Mako na gaba ya gayyato abokai. Kafin wata biyu, manyan da ke ba kamfanin kwangila duk sun mayar da taronsu yammacin Juma'a. Aka hana tura Falalu fadama ranar Alhamis, kada ya makara. Oga da ya shekara da shekaru yana ce masa "Malam" har ya koyi sunansa. Mu ma a unguwa mun fara yi masa barka.

To, a bakin gidan man ne Falalu ya ba ni ƙarashen labarin. Ran Laraba Oga ya kira shi, har ya nuna masa kujera, abin da bai taɓa yi ba.

"Sai ya ce mini, 'Falalu, you try well well, ka yi ƙoƙari ƙwarai. Kujerar Legas taka ce, kowa ya sani. Amma in ka tafi, wa zai kawo mana nama? Madam ma, uwargidana, ta ce ba ta yarda ba.'"

"Wa aka ba?"

"Wani yaro da na koya wa riƙon igiyar awo. Ni kuma an naɗa ni shugaban kwamitin walima. Ba mota, ba gida."

"To wannan ƙunshin fa?"

"In na daina yanzu, Malam, sai ya ce da ma ba don Allah nake yi ba." Ya gyara riƙon ƙunshin, sannan ya ce, "Har yau ban iya gaya wa Lailatu ba."

Wallahi ya ba ni tausayi. Ni dai na sara wa Mai Kujerar Juyi. Wasu ogannin ba sa gane ma'aikacin kirki, shi ya gane nasa, ya riƙe abinsa gam.

Saboda haka, samarinmu masu takardar ilimi, kuna yawan tambayata ko aiki ne ke ɗaga mutum a ofis ko iya shiga da fita. Ni ban sani ba. Amma in har za ku kai wa oga nama, ku roƙi mahauci ya zaɓo muku mai tauri, wanda in ya tauna zai so ya ga bayanku, ko da zuwa Legas ne.