Rankwashin Alhaji Sabo

Ko na tsufa na manta sunan unguwarmu, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa likita wa'azi a wani asibiti a unguwar Ma'adi ba.

A 2013 ne, ina ɗalibi a Alƙahira, ina zaune a unguwar Faisal. Kamar ɗalibai da yawa, nakan yi wa mutanenmu da ke zuwa neman magani tafinta. Haka aka haɗa ni da Alhaji Sabo na Kaduna da matarsa Hajiya Talatu. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, hannunsa na dama ya mutu murus, harshensa ya yi nauyi. An daɗe ana gashin hannun babu labari, har Hajiya ta ce idan wata ya ƙare a haka, gida za su koma.

Alhaji dattijo ne mai farin gemu, carbi ba ya barin hannunsa na hagu. Ni kuma a lokacin (Allah Ya yafe mana) ji nake duk Masar babu mai kishin addini kamata. Gemuna bai fi na ɗan akuya ba, amma kullum ina shafa shi.

Ran nan na fita sallar azahar, na bar su da Dakta Hisham, matashin likitan da ke motsa masa hannu. Ina dawowa, tun daga ƙofa na jiyo kukan jita da dukan ganga. Kiɗan rok ne na wasu Turawan Ingila masu gashi har kafaɗa, waɗanda suka yi tashe tun kafin a haife ni. Wayar likita ce a kan gado, dab da kunnen Alhaji, ga hawaye na bin gemunsa.

Raina ya ɓaci. Na ce lallai an ci zarafin bawan Allah don an ga ba ya iya magana. Na fizge wayar na kashe, na gyara tsayuwa, na buɗe baki da Larabcin littafi, irin wanda ko Misirawa sai sun kasa kunne. Na yi bayanin haƙƙin mara lafiya, na gangaro kan girmama furfura. Har da ɗaga yatsa. Ma'aikatan jinya biyu suka leƙo suna kallona, ni kuwa na ɗauka burge su nake.

Likita ya bari na gama, sannan ya ce, "Khalas, ka gama, ya Ustaz? Yatsunsa motsi suke yi ka kashe."

Hajiya ta ce, "Ɗana, ni na roƙe shi ya sa. Babanka makaɗin jita ne. Da waƙar nan ya sace ni a wani gidan rawa a Kaduna, ina malamar makaranta." (Ashe Turancinta ya fi nawa, da shi ta yi wa likita magana. Duk tafintar da nake yi, haƙuri kawai take da ni.)

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Ba kunyar ce kaɗai ta dame ni ba, tsoro na ji, kada hannun nan ya ƙi sake motsi saboda shisshigina. Alhaji ya harare ni, ya tattaro ƙarfinsa ya ce, "Ma...yar."

Da hannuna na mayar. Jita ta fara a hankali, ganga ta shigo, sai ga babban yatsa da manuni sun haɗu suna kaɗa zanin gado, daidai da kiɗan, ba sa kuskure. Hajiya ta fashe da kuka. Likita yana ta ƙarfafa wa Alhaji gwiwa, yana faɗin, "Yalla ya Hajj, yalla." Ustaz kuma yana tsaye riƙe da waya kamar sandar makirfo.

Hukuncina bai ƙare nan ba. Ni aka aika na sayo jita, na rungumo ta a cikin ƙaramar bas da jallabiyata, na kuma yi kiciɓis da abokan karatuna uku. Har na bar Masar Ustaz Mai Jita suke kirana.

Hajiya ta fasa komawa. Kullum sai an sa faifan mutanen nan, Alhaji yana bi da jitarsa, harshen ma ya fara saki. Wata rana ya ce mini, "Saurari mai gangar nan, ba ya gaggawa. Jitar kuma amsa wa mawaƙin take, kamar gurmi. Yau shekara arba'in ke nan waƙar ba ta tsufa ba. Likitan nan ubansa ne ya koya masa ita." Na saurara, kuma gaskiya ƙafata ta ci amanata, ta shiga bin kiɗan.

Ranar tafiyarsu na durƙusa a filin jirgi na ce, "Baba, a yafe mini." Ya miƙa wa Hajiya carbinsa, ya ɗaga hannun dama a hankali, ya dunƙule, ya sakar mini rankwashi a tsakar ka. Ya yi zafi sosai, kuma ban taɓa murna da zafi irin na ranar ba.

Tun daga nan, in na ga dattijo yana hawaye, sai na tambayi matarsa kafin na hau mumbari.